Tsohuwar Mustang ko Camaro a garejin gida: a mayar da ita yadda ta fito ko a sa mata kayan zamani?

Duk wanda ya sayi tsohuwar motar Amurka ta shekarun 1960 zuwa farkon 1970, irin su Mustang da Camaro da Charger da Chevelle, waɗanda su can suke ce ma muscle car, to kafin ya kwance noti ko ɗaya akwai shawarar da dole ya yanke, kuma wallahi da yawa daga motocin da za ka gani an kwance su gutsi-gutsi an bar su a gareji ƙura ta rufe shekara da shekaru, ba ƙarewar kuɗi ce ta fara kashe aikin ba, mai motar ne ya fara aiki bai san inda ya nufa ba. Hanya biyu aka fi sani. Ko dai ka mayar da motar daidai yadda ta fito daga kamfani, kalarta, injinta, har sitikar da ke cikin bonet, ko kuma ka bar mata surarta ta da amma ka sa mata inji da giya da birki na zamani, wanda suke kira restomod. Ni ina ganin akwai hanya ta uku a tsakaninsu wadda ita ta fi dacewa da mutumin da zai yi aikin da hannunsa a gida, amma sai an ga biyun nan da kyau kafin a gane dalili.

Su motocin nan zamaninsu gajere ne. A 1964 Pontiac suka ɗauki babban inji mai lita 6.4 suka cusa a matsakaiciyar mota suka kira ta GTO, a watan Afrilun wannan shekarar Ford suka fito da Mustang, Chevrolet suka mayar da martani da Camaro a 1967, Dodge suka sake fasalin Charger a 1968. Kafin 1974 abin ya mutu, dokar hayaƙi ta 1970 da tsadar inshora da rikicin mai na 1973 suka haɗu suka gama da shi. To ka ga duk motar da za ka samu yau ta haura shekara hamsin, ta bi hannun mutane da yawa, kowa ya yi mata nasa gyaran.

Abu na farko da nake so ɗan uwa ya gane shi ne, kafin kai ka zaɓa motar ce ke fara zaɓa, kuma a lambar shasi take faɗin ra'ayinta. A Mustang ta 1965 da 1966 harafi na biyar a lambar shi ke nuna injin da ta fito da shi. In ka ga T, silinda shida ce. C na nufin V8 289, wato inji mai silinda takwas (lambobi irin 289 girman inji ne a awon inci), mai ƙaramar kafireta, ƙarfin doki 200. Harafin A doki 225 ne. K kuwa ita ce mai doki 271, ba a yi ta da yawa ba, kuma duk wanda ya samu K ya cire injinta ya sa wani ya yi ɓarna babba. A Charger ma haka, in lambar ta fara da XS29 to R/T ce ta gaske, wato nau'in mai ƙarfi, XP29 ita ce ta kowa da kowa, harafi na biyar kuma ya gaya maka injin, misali a 1969 L na nufin 440, J na nufin 426 Hemi. Camaro ce mai wahala, don lambarta ta 1969 iyakacin abin da take faɗa silinda shida ce ko takwas, ba ta cewa SS ce ko Z/28, wato nau'o'inta masu tsada, shi ya sa jabu suka cika kasuwa, mutum ya sayi tambari ya manna ya ninka farashi. Sai an duba ƙaramin farantin da ke bangon bayan inji da lambar da aka buga a kan bulon injin ta gaba ɓangaren fasinja, a ga ko ta yi daidai da ƙarshen lambar shasi. Masu Ford daga 1967 zuwa sama suna iya neman Marti Report, takardar da ke nuna duk abin da motar ta fito da shi, masu Pontiac suna samun irinta daga PHS, masu Dodge da Plymouth kuma su leƙa ƙarƙashin kujerar baya, wani lokaci ana tarar da takardar haɗa motar a maƙale cikin sifirin tun daga kamfani.

In binciken nan ya nuna motarka mai wuyar samu ce kuma injinta na asali yana ciki, magana ta ƙare, ka mayar da ita yadda ta fito, kar ka bari kowa ya ruɗe ka. Camaro ZL1 guda 69 kacal aka yi a 1969. Wata Plymouth Hemi Cuda mai buɗaɗɗen sama ta 1971 an sayar da ita dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a 2014, kuma abin da aka biya kuɗin dominsa asalinta ne, ba gudunta ba. Amma gaskiya mu nawa ne za mu samu irin waɗannan? Yawancin abin da ke zuwa hannun mai ƙaramin ƙarfi Mustang ce mai C ko T, ko Camaro mai 307 ko 327, ko Charger mai 318, kuma sau tari tun tuni wani ya canja injin. Ford sun sayar da Mustang sama da dubu 600 a 1966 kaɗai. Irin wannan motar ba ka cuci tarihi ba don ka sa mata birki mai kyau.

To mu ɗauki hanyar farko. Daɗinta shi ne ba ka ƙirƙirar komai, akwai littafin haɗa motar na kamfani, kowane noti an nuna inda yake, kowace waya da kalarta, in ka bi shi sannu a hankali za ka kai. Kayan aikin da kake buƙata kaɗan ne, kuma duk bakaniken da ya taɓa gyara 504 ko tsohuwar Datsun zai gane kafireta da kwantak da distiributa na motocin nan cikin rana ɗaya, babu birenbos babu sensa. Sannan in ka zo sayarwa mai saye ya san abin da yake saya, ba sai ya yarda da basirarka ba. Wahalarta kuma tana can wajen ƙananan abubuwa da ba ka zata ba. Yawancin manyan kayan inji suna da lambar ranar da aka ƙera su, masu bin asali sosai suna so kafireta da altaneta da tofsilinda duk ranarsu ta zo ƴan makonni kafin ranar haɗa motar, to sai ka ga mutum ya shafe watanni yana neman kafireta Autolite ko Quadrajet mai takamaiman lamba, ya biya ninkin ba ninki a kan wadda za ta yi aiki iri ɗaya. Kuma ga gargaɗi ɗaya da nake so a riƙe, in za ka kai bulon Chevrolet wajen masu girendin ka gaya musu tun a bakin ƙofa kar su share wajen lambar nan in za su daidaita saman bulo, don in ta goge asalin injin ya tafi kenan, ba ya dawowa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda motar take in an gama. Tana da kyau a ido da kunne, amma tuƙinta tuƙin 1966 ne. Sitiyari yana da lilo, birkin ganga in ya yi zafi a gangara sai ka ji feda ta yi tauri mota ba ta tsayawa yadda kake so, a go-sulo zafin inji yana hawa, da safe sai ka buga totur ka jira ta ɗumama. Wasu abin da suke so kenan kuma ina girmama hakan, amma in niyyarka ka ɗauki iyali ku yi tafiyar awa uku a babban titi, ka san da wannan tun yanzu.

Hanya ta biyu kuwa ita ce ke cika bidiyoyi a intanet, an sa sabon inji, taya faffaɗa, esi na hurawa, an taka ta yi ƙara. Ba ƙarya ba ne, in an yi aikin da kyau mota ce da za ka tayar kullum ka je inda kake so. Matsalar ita ce kowane canji yana jawo wani. Ka ƙara ƙarfin inji, giyabos na da ba zai ɗauka ba, ka canja giyabos furofela ta yi tsawo sai an yanke, aksil na baya ya zama shi ne mai rauni, ka canja shi, yanzu kuma birki ya yi kaɗan, ka sa manyan faifai sai rim 14 na asali ya ƙi shiga sai 17, rim 17 ya shiga yana gogar fenda. Babu littafin da zai ce maka ga mataki na gaba, kai ne injiniyan, kuma kuɗin da aka zuba a irin wannan aikin na gida da wuya ya dawo duka ranar sayarwa, don mai saye bai san ingancin waldarka da wayarinka ba.

Kafin mu shiga kaya ɗaya bayan ɗaya, tsatsa. Ita ba ruwanta da hanyar da ka zaɓa, kuma ita ce ke cin mafi yawan kuɗi da lokaci, ba inji ba. Mustang da Charger jikinsu da shasinsu abu ɗaya ne a haɗe, Camaro tana da rabin shasi a gaba da ake kwancewa da noti, Chevelle da GTO kuma suna da cikakken shasi da ake ɗaga jiki daga kansa. Wannan yana nufin a Mustang in ƙasan mota ya ruɓe to ƙashin bayanta ne ya ruɓe, ba ado ba ne. Wajen da ya fi cutar mutane shi ne akwatin iska da ke ƙarƙashin gilashin gaba, ba a ganin cikinsa, ganye da ruwa suna taruwa ya huje, ruwan sama ya riƙa zuba a kan kafet har bene ya tafi. Ka zuba ruwa ta ragar da ke gaban gilashi ka leƙa ƙarƙashin dashbod, in ya ɗiga ka san aikin walda mai yawa na jiranka, don sai an cire fenda da gilashi an huda ɗigon walda fiye da ɗari kafin a kai wajen. A Charger ka duba gefen baya da benen but da kewayen gilashin baya, a Camaro mai rufin leda ka latsa rufin ka ji ko akwai ƙuraje a ƙasa. Ka riƙe maganaɗisu ka bi ƙasan ƙofofi, inda bai kama ba bodi-fila ce, mota mai sabon fenti da arha sau da yawa kyan ɗan maciji ne. Motar da ta yi rayuwarta a Arizona ko cikin Kalifoniya ta fi wadda ta fito daga Michigan ko Ohio inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ko da fentinta ya ƙone da rana kujeru sun yage, ita za ka ɗauka.

Yanzu birki, kuma a nan ba na sassauci ko kaɗan. Mustang ta 1965 da 1966 tukunyar man birkinta ɗaya ce tana ba duk ƙafa huɗu, in tiyo ɗaya ya fashe birki ya tafi gaba ɗaya, sai daga 1967 aka koma mai ɗaki biyu. Ko da kana bin asali, in dai motar za ta hau titi da mutane a ciki, ka sa masta, wato tukunyar man birki, mai ɗaki biyu ka ajiye tsohuwar a kwali. Birkin faifai a gaba shi ma ba lallai ya ɓata asali ba, don kamfanin da kansa ya sayar da shi a matsayin zaɓi, na Kelsey-Hayes mai fistin huɗu, kuma har yau ana ƙera irinsa yana shiga rim 14. Manyan birki masu fistin shida da ake talla na masu shiga filin tsere ne, a titi taya ce za ta fara zamewa kafin su nuna bambancinsu. Haka tankin mai na Mustang, samansa shi ne benen but, babu ƙarfe tsakaninsa da kujerar baya sai kwali, mutane da yawa suna sa farantin ƙarfe a bayan kujera da wani a kan tankin, aiki ne na yini ɗaya kuma ba a gani daga waje. Bel ɗin kujera mai ratsa kafaɗa shi ma haka.

Giya ita ce canjin da na fi ganin amfaninsa a kan kuɗin da aka kashe, fiye da inji ma. Giyabos ɗin da, ko otomatik C4 da TH350 da TorqueFlite masu giya uku, ko na hannu Toploader da Muncie masu huɗu, duk giyarsu ta ƙarshe ɗaya-da-ɗaya ce, wato inji da furofela juyinsu ɗaya. Yi lissafi, aksil mai 3.50 da taya mai tsayin inci 26, in kana tafiya kilomita 113 a awa inji yana juyi kusan 3,170 a minti, yana kuka yana shan mai yana zafi. Ka sa T5 mai giya biyar daga Mustang ta ƙarshen shekarun 1980, giyarta ta biyar 0.68 ce, juyin ya sauko kusan 2,150, mota ta yi shiru ka ji maganar na kusa da kai. T5 ba ta son inji mai ƙarfi sosai, in ka wuce doki 300 da wani abu kuma kana takawa da zafi sai ka duba Tremec TKX, ta fi tsada amma an yi ta siririya don ta shiga ramin tsofaffin motoci ba tare da yanka ba. Masu son otomatik akwai AOD ga Ford da 700R4 ko 200-4R ga GM, kamfanin da ke da Chevrolet da Pontiac, amma a kula da wayar totur ɗinsu, in ba a saita ta daidai ba giyabos na iya ƙonewa cikin tafiya kaɗan.

Sai inji, inda aka fi yin gardama. Zaɓi uku ne a zahiri, ka gyara na ciki, ka sa ɗan gidansu wanda ya fi shi sabunta, ko ka sa na zamani gaba ɗaya.

Gyara na ciki shi ne mafi sauƙi ga mai aiki a gida, a kai bulo da kiranshaf wajen masu girendin, a sa sabon fistin da ringi da metal, ka haɗa da hannunka. Abu biyu ne zamani ya canja a nan. An ƙera injinan ne don fetur mai dalma wanda Amurka ta gama hanawa a motocin titi a 1996, don haka in tofsilinda na ƙasa ka sa a dasa mazaunin bawul mai tauri a ɓangaren hayaƙi. Na biyu shi ne kamshaf ɗinsu mai shafaffen tafet yana buƙatar baƙin mai mai sinadarin zinc da yawa, man zamani an rage masa, kuma ranar tayar da sabon inji dole a riƙe shi a juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti ashirin zuwa talatin ba a bar shi a silo ba, in ba haka ba kam ya cinye garin ƙarfe ya bi duk injin, aikin wata da watanni ya lalace a safiya ɗaya. Kwantak kuma a cire a sa Pertronix, na'urar ba da wuta ta lantarki, a cikin distiributa ɗin, murfi ya rufe ba wanda zai gani, ka huta da saiti.

Injin zamani, a GM ana nufin jerin injinan V8 da ake kira LS. Ya fara fitowa a Corvette ta 1997, amma wanda talaka ke saya shi ne 5.3 na Silverado da Tahoe na 1999 zuwa 2007, an yi miliyoyinsu, yana ba da doki 270 zuwa 295, kuma a tuna wannan awon zamani ne da komai a jikin inji, alhali lambobin kafin 1972 an auna su ne inji tsirara ba salansa ba kaya, don haka 5.3 na kwance ya fi yawancin 327 da 350 na da ƙarfi a titi. A Camaro da Chevelle yana zama lafiya don ɗakin inji yana da faɗi. Amma kar farashin injin ya ruɗe ka, shi ne mafi arha a cikin aikin. Sai ka canja kaskon baƙin mai don na babbar mota yana saukowa ƙasa da yawa, ga mazaunin inji, ga bututun hayaƙi, ga gyaran wayarin da cire makullin sata daga birenbos, ga fanfon mai a cikin tanki da zai ba da matsi psi 58 maimakon 5 zuwa 7 na kafireta, wanda ke nufin sabon tanki da sabon layin mai, ga lagireto da fanka ta lantarki, ga haɗa agogunan dashbod na da da sababbin sensa. In kana jin daɗin bin waya da mita, za ka iya. In ganin wayoyi arba'in a dunƙule yana tayar maka da hankali, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A Mustang kuwa ina ba da shawara kai tsaye, kar ka sa Coyote, injin V8 na zamani na Ford, a ta 1965 ko 1966 a garejin gida. Inji ne mai kyau, tun fitowarsa a 2011 yana ba da doki 412, amma yana da kam huɗu a sama, faɗinsa ya wuce ɗakin, sai an yanke hasumiyoyin shokazoba guda biyu an cire duk ƙafar gaba an walda wata, daga nan babu komawa. Ga hanya mai sauƙi a gefe, 302 na Mustang daga 1985 ko na Explorer na 1996 zuwa 2001, ɗan gida ɗaya ne da 289, yana zama a mazauni ɗaya, kam ɗinsa mai rola ne ba ruwanka da damuwar zinc, in ka sa masa kafireta da murfin bawul na da ka fesa kalar kamfani sai masani ne zai gane. Abin lura kawai nauyin daidaito, tsofaffin 289 da 302 awo 28 ne, na baya 50, filawil da damfa dole su dace da injin, in an haɗa ba daidai ba mota za ta riƙa karkarwa har ta ci metal. Wanda ya sayi mai silinda shida da niyyar mayar da ita V8 shi ma ya sani ba inji kaɗai ba ne, ƙafarta noti huɗu ce, birki da aksil da sifirin duk ƙanana ne, sau da yawa gara a ƙara kuɗi a sayi V8 tun farko, ko a bar ta da shidanta, inji ne mai juriya.

Akwai kuma na'urorin injekta masu kama da kafireta irin Holley Sniper, ana ɗaura su a mazaunin kafireta murfin iya-kilina ya ɓoye su. Suna gyara tashin safe da matsalar fetur mai ethanol da ke tafasa a kafireta lokacin zafi, amma ba sa yafe wayarin marar kyau ko salansa mai yoyo. Ni zan ce ka fara da kafireta mai lafiya ka yi shekara kana hawa, in ta dame ka sai ka canja.

Ƙafafu ba sai an kashe dukiya ba. Sabbin bush da bol-joyin da shokazoba masu kyau da tayar radiyal sun gyara rabin matsalar. A Mustang akwai tsohuwar dabarar da Carroll Shelby, mai haɗa motocin tsere, ya yi amfani da ita a Mustang GT350 ta 1965, a sauke mazaunin hannun sama na ƙafar gaba da inci ɗaya, rami huɗu ne kawai za ka huda, tayar ta riƙa zama daidai a kwana. Wayarin kuwa shekara hamsin ta busar da robarsa, ka sayi sabo irin na asali ka huta, musamman mai Charger, don a Dodge na lokacin duk wutar caji tana ratsa bangon inji ta bi ta agogon amfiya a dashbod, wajen yana zafi yana narkewa, motoci da yawa sun ƙone ta nan.

To ka ga hanyar tsakiyar da na ambata ta fito da kanta. Jiki da kala da kujeru da dashbod su zauna yadda suke, inji na gidansu, amma masta mai ɗaki biyu, faifai a gaba, giya biyar, lagireto mai kyau, wuta ta lantarki, sabon wayarin, kuma sharaɗin shi ne duk abin da za ka sa ya zama mai ɗauruwa da noti, duk abin da ka cire ka wanke ka rubuta sunansa ka adana. Babban amfaninta a wajena shi ne ana yin ta mota tana tafiya, wannan watan birki, bayan wata biyu giya, kana hawa kana jin bambanci, zuciya ba ta mutuwa. Kwance mota gaba ɗaya a rana ɗaya abu ne mai sauƙi, mayar da ita ne ke ɗaukar shekaru, kuma yana cin wajen mota biyu ko uku don kaya suna bazuwa.

Wace mota? Ga mai farawa Mustang kufe ta 1965 zuwa 1968 mai 289 ko 302, ba don ta fi kyau ba sai don komai nata ana ƙerawa sabo, shaguna irin NPD da CJ Pony Parts suna da kusan kowane sukuru, har jikin wasu nau'o'in Mustang sukutum Dynacorn suna bugawa. Camaro ma kayanta a wadace suke amma kuɗin sayenta ya fi. Chevelle tana da daɗin aiki saboda shasinta daban, in ka samu Malibu ta talakawa ka kama. Charger ta 1968 zuwa 1970 ita ce ta fi ɗaukar ido a wajena, amma ko ruɓaɓɓiya tsada gare ta, ƙananan kayan ado da na cikin gida suna da wuya duk da AMD suna buga faranten jiki, ba motar koyo ba ce.

Wanda ke Kalifoniya ya sani motar 1975 zuwa ƙasa ba ta shiga gwajin hayaƙi na lokaci-lokaci, sauran jihohi kowace da dokarta, a bincika kafin a canja inji. Wanda kuma yake tunanin kawo irinta gida Najeriya ya fara zama da kiliyarin ejen mai gaskiya kafin ya biya ko dala ɗaya, don jerin kayan da kwastan suka hana ya haɗa da tsofaffin motocin da suka wuce adadin shekarun da aka ƙayyade, kuma a farkon 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. In ma ta iso, sitiyarinta a hagu yake kamar namu, amma notinta duk na inci ne, sufanun milimita da ke Kofar Ruwa da Panteka za su cinye kawunansu, sai ka zo da naka saitin, kuma ko gaskit ɗaya sai an yi oda an jira, a irin wannan yanayin ne injin Tahoe yake ƙara ma'ana ga mai Chevrolet don ana samun masu gyaransa da kayansa.

Fenti shi ne abin da zan ce ka bayar waje ko da ka yi komai da kanka. Ka yi walda, ka yi gyaran jiki da goge-goge a gida in kana da haƙuri, wannan shi ne yawancin kuɗin aikin, amma feshin ƙarshe na fenti mai hadena yana ɗauke da guba mai lalata huhu wadda takunkumin ƙura ba ya tarewa, a kai wa mai ɗakin feshi. Ƙurar tsohon birkin ganga ma kar a hura ta da iska, ana iya samun asbestos a ciki, a jiƙa a goge. Kuma kar ka taɓa shiga ƙarƙashin motar tana kan jak kaɗai ko kan bulon siminti, ka sayi ƙafafun ƙarfe huɗu masu kyau tun kafin ka sayi kafireta.